Direban Buhu Shida

Lulama Matiwane ba ta taɓa tuƙa motar tsere ba, kuma ba ta da niyyar farawa. In aka tambaye ta dalili, cewa take yi taka totur ai ko akuya aka ɗora a kujera za ta iya. Nata aikin shi ne saiti: tsayin mota daga ƙasa, taurin sifirin, iskar kowace taya, da yadda nauyi ya rabu a kan ƙafafu huɗu. Litinin zuwa Juma'a tana auna ƙarafa a wata masana'antar kayan mota a Kariega, ana biyanta. Asabar ɗaya a wata kuwa tana filin tseren da ke bayan garin Gqeberha, kwance ƙarƙashin wata tsohuwar Golf ruwan ɗorawa, ba mai ba ta ko randi ɗaya, kuma ranar ce kaɗai za ka ga haƙoranta a waje.

Ran Litinin ɗin da ta biyo bayan tseren watan Agusta, tana tsakiyar cin abincin rana wayarta ta yi ƙara. Faizel Isaacs ne, direban Golf ɗin, abokinta tun kwaleji. Shi Sisi yake kiranta, wato 'yar'uwa a harshensu, ita kuma Buti take ce masa, wato ɗan'uwa.

"Sisi, kina da minti biyu?"

"Da na ɗaya ka zo shekaranjiya, ina da awa guda. Tunda na tara ka zo, minti ɗaya gare ka."

Ya yi wata dariya ta yaƙe. "Na yi magana da Oom Barend."

Cokali ya tsaya mata a hannu. Oom Barend, wato Kawu Barend, tsoho ne mai ƙaton gareji da kwamfutoci, shi ke saita rabin motocin da ke cin kofi a ajinsu na tsere.

"Bayan tseren Satumba zan kai masa motar ya duba," in ji Faizel. "Ba raina aikinki na yi ba, wallahi. Amma shekara biyu ke nan ban shiga ukun farko ba. Motar nan ta yi mini nauyi a hannu. In na shiga kwanar hagu sai ta miƙe kamar jakin da ya hango gida."

"To," ta ce.

"To kawai?"

"Minti ɗayanka ya cika, Buti."

Ta kashe wayar, ta rufe kwanon abincin ba ta ƙarasa ba. Ta san abin da kowa ya sani a filin nan: motar da ta shiga garejin Oom Barend ba ta komawa hannun mai saitinta na da. Tsere ɗaya ya rage mata ta gano abin da ke damun motar, in ba haka ba Asabar ɗinta ta shekara goma sha huɗu ta tafi ke nan. Ranta ya ɓaci, kuma ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro.

Awo dai a gida ta gaje shi. Mahaifiyarta, Mama Nobantu, tela ce a unguwar KwaNobuhle, mace mai tef a wuya ko coci za ta. Marigayi mahaifinta kuwa shekara talatin ya yi yana ɗaura ƙofofi a masana'antar motoci, har ya kai in ya rufe ƙofa, daga ƙarar yake gane ko ta zauna daidai. A gidan nan ba a cewa "kusan". Ko dai abu ya yi, ko bai yi ba.

Tana shekara ta biyu a kwalejin fasaha aka kafa sanarwa cewa ana neman ɗaliban da za su ƙera ƙaramar motar tsere don gasar makarantu. Ta je ta tarar da samari goma a wata rumfa bayan ɗakin walda, kowa na ji da kansa, kowa na ganin shi ne zai tuƙa. Suka dube ta sama da ƙasa, suka miƙa mata littafi da biro, wai rubutun mata ya fi kyau. Ba su san sarauta suka danƙa mata ba. Malaminsu, Malam Pillay, doka ɗaya ya kafa: abu ɗaya za a canja a jikin mota, a gwada, a rubuta, wanda ya canja biyu lokaci guda shi zai sayi shayin kowa. Kafin wata uku babu mai iya juya noti sai ya tambayi Lulama, don ita kaɗai ta san inda notin yake jiya.

Samarin nan kuwa suka nuna iyakar basirarsu. Suka yanka bututai, suka yi walda, suka ɗora injin babur, sai da aka gama tsaf sannan wani ya tuna ba a auna wanda zai zauna ciki ba. Motar ta fito siririya kamar kwalekwale. Kowa ya gwada shiga, kowa ya maƙale a kafaɗa ko a ƙugu. Suna cikin zargin juna sai ga wani yaro daga sashen lantarki ya zo haɗa musu wayoyi, ɗan tsamurmuri, wanda in iskar Gqeberha ta taso sai ya riƙe turken fitila. Aka ce ya gwada. Ya zame ciki sumul, har da sauran wuri. Faizel ke nan, kilo sittin da biyu da rabi. Bai taɓa mafarkin tsere ba, amma da aka sake shi a filin ajiye motoci, sai ga shi yana da hannu, kuma ba shi da tsoro ko kaɗan.

Saiti ba ya yiwuwa sai da nauyin direba a kujera. Ana ɗora kowace taya a kan sikelinta, direba na zaune, sai a yi ta juya mazaunin sifirin har nauyi ya rabu daidai. Wata rana aka shirya komai, Faizel kuwa yana ɗakin jarrabawa. Lulama ta ja samari biyu suka nufi kicin ɗin ɗalibai, suka dawo da buhu biyar na garin masara, kowane kilo goma sha biyu da rabi. Ta jera su a kujera, ta ɗaure su da bel, wani shaƙiyyi ya ɗora musu hular kwano. Aiki ya yi kyau ƙwarai, har ƙarfe goma sha biyu, lokacin da mai dafa abinci ta bayyana da muciya a hannu, ɗalibai ɗari uku na jiran tuwo. Tun daga ranar sunan Faizel ya koma Buhu Biyar. A gasar, na bakwai suka zo cikin goma sha biyu, suka yi murna kamar duniya suka ci.

Bayan kwaleji ƙungiya ta watse. Wasu suka tafi Johannesburg, ɗaya ya haye Jamus, ɗaya ma ya zama fasto. Su biyun nan ne cutar ta ƙi saki. Suka haɗa ɗan abin da suke da shi, suka sayi Golf ɗin a hannun wani malamin firamare da kajinsa suka mayar da ita wurin saka ƙwai, suka fitar da kujeru da darduma da duk abin da ba ya sa mota gudu. Ba a jima ba Faizel ya gaji shagon mahaifinsa na samosa da burodi a East London, tafiyar awa uku, don haka motar ta zauna a rumfar bayan gidan Mama Nobantu. Shi sai safiyar tsere yake zuwa. Ita kuwa ta ci gaba da saiti da buhunan gari. Shekarar da ya yi aure ta ƙara buhu ɗaya, suka zama shida, kilo saba'in da biyar. Duk Janairu takan kira shi ta ce, "Nawa?" Ya ce, "Saba'in da biyar, kamar kullum." Ta rubuta a littafi.

Sun ga shekaru masu daɗi. Akwai kofuna bakwai a kan kabad ɗin Mama, tana zuba maɓallai da allurai a cikinsu.

Mako ukun da suka biyo bayan wayar nan, Lulama ta bi motar ƙusa-ƙusa. Tana tasowa daga aiki take shiga rumfa. Ta kewaye motar da zare ta auna yadda kowace taya ke kallon gaba. Ta cire sifirin huɗun ta kai wurin aiki ta gwada taurinsu. Ta ari ma'aunin iska na biyu don kada nata ya zama maƙaryaci. Har sikelin huɗun ta jarraba da ƙarafan da ta san nauyinsu. Komai daidai, ba abin da ya kauce ko da faɗin gashi. Wannan shi ya fi tayar mata da hankali. Da ta sami abin da ya lalace, da ta gyara. Amma in lissafi ya yi daidai mota kuwa ta ƙi, to ita ce ba ta iya aikin ba, kuma watakila tun farko sa'a ce take ci.

Ran Alhamis da la'asar, saura kwana biyu, tana zaune a kan taya ta zuba wa buhunan ido, sai ga Mama da kofin shayi, da wata shuɗiyar rigar tsere a kafaɗa.

"In yaronki ya zo ki ba shi rigarsa," in ji Mama. "Ki ce masa wannan ne na ƙarshe. Babu sauran yadin da zan saki a ɗinkin, sai dai ya sayi sabuwa."

"Wace riga kuma?"

"Tasa mana. Sau uku ke nan ina buɗa masa ita. Wai kada in faɗa miki. Ni kuwa ban ga abin ɓoyo a tumbi ba, abin da yake riga mai shi shiga ɗaki."

Lulama ta ajiye shayin a hankali. "Mama, nawa ne ƙugunsa?"

"Da, talatin da biyu. Yanzu arba'in da biyu, shi ma sai ya riƙe numfashi." Tsohuwar ta leƙa cikin motar, ta ga buhuna shida ɗaure da bel. "Waɗannan su ne shi? Haba 'yar nan. Ƙara biyu."

Ta juya abinta ta koma kan kekenta.

 Lulama ta miƙe, ta zagaya gefen hagu, ta durƙusa ta dubi wasu faifan dalma da ita da kanta ta ɗaure a daben motar shekaru da suka wuce. Dokar ajinsu ita ce mota da direbanta kada su gaza kilo ɗari tara. Da Faizel mai buhu shida motar ba ta kaiwa, shi ya sa ta ƙara mata dalma kilo ashirin da biyar. Alƙalai kuwa ukun farko kaɗai suke ɗorawa a sikeli bayan tsere. Tun da mutumin ya fara nauyi ya daina shiga ukun farko, tun da ya daina shiga aka daina auna shi. Shekara biyu ke nan bawan Allah yana zagaya fili da tumbinsa a dama, dalmarta a hagu, kuma sifirin ɗin duk an saita su ne don wani siririn mutum da ya daɗe da barin duniyar nan.

Dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa. Ita da ba ta yarda da ma'aunin iska sai ta kawo masa shaida, ita ce ta yi shekaru tana rubuta abin da namiji ya faɗa mata a waya game da nauyinsa! Ba wai ba ta ganinsa ba ne. Duk wata tana ganinsa, tana ma tsokanarsa da kumatu. Amma ido ya saba, in ta kalle shi yaron nan na sashen lantarki take gani. Da dariyar ta lafa sai haushi ya maye gurbinta.

Safiyar Asabar filin ya cika da hayaƙin gashin nama da ƙarar injina. Faizel ya iso da kwandon samosa kamar yadda ya saba, ya tarar Golf ɗin na tsaye a kan sikeli huɗu, ƙofar direba a buɗe, kujera ba buhu ko ɗaya.

"Ga rigarka, in ji Mama," Lulama ta ce. "Saka, ka ɗauki hularka, ka shiga."

Ya sha jinin jikinsa. "Bari in je in sa hannu a takardar alƙalai tukuna."

"Na sa maka."

"To ban ɗaki..."

"Buti. Shiga motar."

Maƙwabtansu na rumfa sun fara miƙo wuya, don a filin tsere ba abin da ya kai kunyar wani daɗin kallo. Lulama ta juya allon sikelin ya kalli cikinta, ta tare shi da littafi. Faizel ya cusa kansa ciki da nishi, motar ta ɗan risina gefen dama. Ta duba, ta cire nauyin man da zai ƙone, ta yi lissafi.

"Ɗari tara da ashirin da takwas. Kai kaɗai casa'in da takwas ne."

"Hular nan tana da nauyi fa."

"Hular kilo ashirin da uku ce?"

 Ta sunkuya a taga yadda ba mai jin su. "Ka sani?"

"Na san na ƙaru. Shekara uku rabona da sikeli, tsoronsa nake ji."

"Amma ka ce motar ce."

Ya kalli sitiyari. "Na fi son a ce motar ce, Sisi."

Ta so ta faɗa masa magana mai zafi, ta tanade ta tun ran Alhamis. Amma ta ga kunnuwansa sun yi ja, ga agogo kuma, saura awa biyu. Ta haɗiye. "Zauna nan, kada ka motsa. Yau kai ne buhun."

Ta kwance dalmar ta jefar gefe. Ta cire batir daga gaba ta mayar da shi daben hagu don ya ɗan rama nauyin mai gida. Ta shiga ƙarƙashi da sifana tana juya mazaunin sifirin, ta fito ta duba allo, ta koma, sau ba adadi, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Abu uku lokaci guda," Faizel ya ce daga ciki, murya ƙasa-ƙasa. "Da Malam Pillay na nan, ke za ki sayi shayi."

"Rufe mini baki, nauyi na motsi."

Da ta gama, ta cire nauyin man da zai ƙone, lissafi ya tsaya a ɗari tara da uku. Kilo uku kacal tsakaninsu da kora, mutum kuwa yakan zubar da kilo biyu na gumi a tsere ɗaya. Ta ɗauko kwandonsa ta dangwara masa a cinya.

"Ci uku. Ka shanye gorar nan. Ban ɗakin nan kuma ka manta da shi sai an auna ka."

"Shekara biyu matata na hana ni, yau ke kike tilasta ni."

"Yau kaɗai ne. Ci."

Mota goma sha takwas suka jeru, shi yana na takwas. Aka saki tuta. Lulama na kan katanga da agogo a hannu, idonta a kan kwanar hagun nan da ke ƙarshen doguwar miƙa. Zagayen farko ya shige ta a ɗarare, kamar mai taka tsani ruɓaɓɓe. Motar ta juya. A na biyu ya jinkirta birki, ta sake juyawa lafiya lau. A na uku kuwa ta ji ƙarar injin ta canja tun kafin ya fita kwanar, ta san hannun nan na da ya dawo. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. A zagaye na tara yana na huɗu, manne da bayan wata farar mota ta wani likitan haƙori. Zagaye uku suna haka, Lulama ta manta da agogo, tana ihu da sunan da ta shekara ba ta kira ba: "Buhu Biyar! Ci shi!" A zagayen ƙarshe, a kwanar hagun nan dai, ya kutsa ta ciki, likita ya buɗe, ya wuce. Na uku.

Murnarta ba ta yi minti ɗaya ba, don alƙali ya ɗaga hannu ya nuna masa hanyar sikeli. Aka tura Golf ɗin sama, Faizel na ciki sharkaf da gumi, ita tana kallon kowane ɗigo kamar zinariya ce ke zuba. Jama'a suka kewaye. Mai sikeli ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Ɗari tara da ɗaya. Ya wuce."

Wuri ya kaure da tafi. Faizel ya fito da gudu, ba wajen kofi ya nufa ba, ban ɗaki ya yi.

Suna haɗa kaya da yamma sai ga Oom Barend, hannu a aljihu. Ya zagaya motar, ya leƙa inda aka mayar da batir, ya gyaɗa kai. "Isaacs, yaushe za a kawo mini ita? Litinin?"

"Oom, motar lafiyarta ƙalau," in ji Faizel. "Direban ne ke bukatar gareji."

Tsoho ya yi dariya, ya ɗaga wa Lulama hula, ya wuce.

Suka rage su biyu. Faizel ya juya ɗan kofin a hannunsa, ya miƙa mata. "Naki ne, Sisi. Ki yafe mini."

Ba ta karɓa ba. "Shekara biyu ina zaton hannuna ne ya mutu, Faizel. Har na fara tunanin abin da zan riƙa yi da Asabar." Ta share hanci da bayan hannu, ta bar baƙin mai a kumatu. "Riƙe kofinka. Motata nake so."

Faizel ya ajiye kofin. Ya je ya janyo tirelar da kansa, ya maƙala ta a bayan a-kori-kurarta, suka tura Golf ɗin sama tare. Ita ta ɗaure ta, igiya huɗu, ta ja kowace sau biyu, farin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi.

"Tsere na gaba ranar sha ɗaya ga Oktoba ne," ta ce ta taga, bayan ta tayar da injin. "Ka zo tun ran Juma'a. Kai da kanka, ba buhu ba."